Datar WhatsApp Kaɗai: Rahusa Ce Ko Shinge?

Wasiƙun wannan karon sun haɗu a kan magana guda, ko da yake masu su ba su san juna ba. Na zaɓi biyar. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, musamman bawan Allahn nan na Wusasa da wayarsa ta kwana a rijiya. Amsarsa gajera ce, kuma ina jin ya riga ya san ta.

Malam, barka da aiki. Ina sayar da turaren wuta da humra daga gida, duk cinikina a waya nake yi. Datar nan mai araha nake saye, ta WhatsApp da Facebook kawai. 'Yata ta buɗe mini wani ɗan shafi nawa na kaina, ta jera kayan da farashinsu. Amma in na tura wa masu saye adireshin, da yawa sai su ce bai buɗe ba. Ni ma ba ya buɗe mini sai na sayi babbar data. Shafin ne ya lalace, ko wani abu aka yi mini?
*Wata uwargida, Tudun Wada*

Hajiya, ba wanda ya yi miki komai, shafinki kuma lafiyarsa ƙalau. Datar ce aka sa wa dabaibayi.

Ki dubi ɗan ga-ruwan unguwarku. In ya juye miki jarka biyu a randa, kin biya shi, sai ya tura kurarsa ya yi gaba. Bai taɓa tsayawa ya ce wannan jarkar ta wanki ce, kada ki kuskura ki ɗora girki da ita. Asalin data ma haka take. Duk abin da ya bi ta wayarki, hoto ne, murya ce, tafsiri ne ko bidiyon kamu, yanyanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da adireshin inda za shi. Aikin kamfanin sadarwa shi ne ya kai. Abin da aka yi a datar da kike saye shi ne an sa mai gadi a bakin hanya yana duba adireshin: in na WhatsApp ne ko Facebook ya wuce, in na shafin turarenki ne ya koma.

Akwai ɗan bambanci na gaskiya, kada in ci haƙƙinsu. Manyan kamfanoni irin su Facebook da Google suna ajiye na'urorinsu a nan cikin ƙasa, kusa da kamfanonin sadarwa, saboda haka ɗauko kayansu ya fi sauƙi a kan ɗauko abin da ke zaune a wata na'ura a Jamus. Amma wannan bai kai ya zama dalilin rufe sauran ƙofofi ba. Dabarar kasuwa ce, an ga abin da mutane suka fi so an ware shi an yi masa farashi.

Wannan ita ce rigimar da aka shafe shekara ashirin ana yi a duniya. Wani malamin shari'a a Amurka mai suna Tim Wu ne ya raɗa mata suna "net neutrality" a 2003. Ni a Hausance ina ce mata ƙa'idar ba-ruwan-mai-hanya. Wanda ya shimfiɗa hanya ya karɓi kuɗinsa, amma kada ya tare wani, kada ya rage wa wani gudu don ba ya ƙaunarsa, kada kuma ya karɓi na goro a hannun mai kuɗi ya buɗe masa layi na musamman. Waɗannan ukun kusan duk masu goyon bayan ƙa'idar sun yarda da su. Inda aka rabu shi ne daidai inda kike tsaye: in kamfani bai tare kowa ba, rahusa kawai ya yi wa wasu, ko ya ba da su kyauta, laifi ne?

Indiya ta ce laifi ne. Facebook ya kai musu wani shiri mai suna Free Basics, inda mutum zai shiga Facebook da wasu zaɓaɓɓun shafuka ba tare da data ba. Matasan ƙasar suka yi ca, a 2015 suka aika wa hukumar sadarwarsu saƙonni sama da miliyan ɗaya kan wannan batu na fifita wasu shafuka, a watan Fabrairun 2016 kuma hukumar ta haramta bambanta farashin data bisa abin da mutum ya buɗe. Bayan wata uku, a Mayun 2016, shirin nan da aka kora daga Indiya ya sauka a Nijeriya ta hannun Airtel, ban kuma ji wanda ya yi tari ba. A Turai babbar kotunsu ta yanke hukunci a 2021 cewa irin wannan tsari na ware wasu manhajoji a ce ba sa cin data ya saɓa wa dokarsu.

To ni me na gani? Zan faɗa miki, amma sai na fara tona kaina. Mahaifiyata tana cikin birni, wajen Ƙofar Doka, kuma irin datarki nake saya mata duk wata. Ba ta da abin yi da wani shafi. Muryar jikokinta take so, da karatun da ƙawayenta na Islamiyya ke turowa. In aka hana wannan rahusa gobe, ita za a cuta, ba mai Facebook ba. Duk wanda ke zaune a ofis mai intanet kyauta yana cewa a haramta datar talaka, ya fara biya mata ta wata guda tukuna.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2015 jaridar Quartz ta wallafa wani bincike da ya nuna kusan biyu cikin uku na 'yan Nijeriyar da aka tambaya sun yarda cewa Facebook shi ne intanet. Wannan shi ne abin da ke damuna. Mutum ya shiga kasuwar Sabon Gari sau dubu, amma layi ɗaya aka taɓa bari ya bi, har ya ɗauka iyakar kasuwar ke nan. Ke kuma da kika kafa rumfarki a wani layin, ba a kore ki ba, ba a kuma bar kowa ya iso gare ki ba. Da ni ake shawara, da na ce a bar araha, a cire dabaibayi: a sayar da ƙaramar data mai rahusa wadda za ta je ko'ina, ko da ba ta da yawa, ko da gudunta kaɗan ne.

Kafin a kai can, ga abin yi. Ki sa 'yarki ta jera kayan a cikin WhatsApp Business, akwai wurin jera kaya da farashi, masu ƙaramar data za su gani. Kada ki rufe shafin. Sannan ki sami littafi na takarda ki rubuta lambobin masu sayen kayanki. Ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida, a duk duniya. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da zannuwan gado ranar ta gane cewa kusan rabin masu yi mata ciniki ta Instagram kaɗai ta san su, ko lambar mutum ɗaya ba ta da ita.

Malam, na karanta cewa a 2017 da Amurka ta soke wannan doka, an yi ta kururuwa wai intanet ta mutu. Ga shi shekaru sun wuce ba abin da ya mutu. Ashe ba hayaniyar 'yan boko ba ce kawai? Kuma mu a nan me ya shafe mu?
*Ɗalibin lauya, Kongo*

Ɗana, tambayarka ta lauyoyi ce, ka riga ka saka amsar a ciki. Bari mu bi ta a hankali.

Maganar ta girmi intanet. In ka tashi daga Kongo ka je tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, ka tsaya ka tuna zamanin da auduga da gyaɗar ƙasar nan ke bin wannan dogo zuwa teku. Dogo ɗaya ne. Da mai jirgi zai ce buhun wane sule biyu, na wane sule biyar, da ya zaɓi wanda zai yi arziki a Zazzau ba tare da ya taɓa noma ba. Abin da ya faru ke nan a Amurka, inda kamfanin mai na Rockefeller ya riƙa samun rangwame a ɓoye daga kamfanonin jirgin ƙasa har ya durƙusar da abokan gasarsa. A 1887 suka yi dokar da ta hana jiragen ƙasa irin wannan bambanci. A 1934 suka ɗora kamfanonin tarho a kan irin wannan ƙa'ida: kai mai ɗaukar kayan kowa ne, ba ka da ikon zaɓe. Duk shari'ar da kake karantawa a kan tambaya ɗaya take yawo, wato shin mai sayar da intanet yana ƙarƙashin wancan babi na tarho a dokar 1934, ko kuwa wani abu ne dabam.

Ba kuma tsoron banza ya kawo ta ba. A 2005 wani ƙaramin kamfanin tarho, Madison River, ya toshe wa masu layinsa kiran waya ta intanet saboda yana rage masa ciniki, ya ƙare da biyan dala 15,000. A 2007 aka kama Comcast, ɗaya daga cikin manyansu, yana shaƙe wa masu musayar manyan fayiloli hanya a ɓoye. Hukumar sadarwarsu, FCC, ta yi ƙa'idoji a 2010, kotu ta rushe mafi yawansu a 2014. A Fabrairun 2015, zamanin Obama, ta mayar da intanet ƙarƙashin babin tarho da ƙuri'a uku da biyu. A Disambar 2017, zamanin Trump, shugaban hukumar, Ajit Pai, ya jagoranci sokewa, uku da biyu. A Afrilun 2024, zamanin Biden, aka dawo da ita, uku da biyu. A Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta sake rushe ta, tana dogaro da hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 da ya rage wa hukumomi ikon fassara doka da kansu. Ka ga abin ya zama kamar kujerar shugaban ƙaramar hukuma, duk wanda ya ci zaɓe sai ya kawo nasa.

Yanzu ga gaskiyarka: intanet ba ta mutu ba, kuma waɗanda suka ce za a riƙa biyan kuɗi kafin a buɗe kowane shafi sun yi zuzutawa. Wannan zuzutawar ta jawo wa maganar raini, har ga shi ta iso Kongo. Sai dai ka lura da abin da ya tsaya a wurin dokar. Jihar Kalifoniya ta yi tata dokar a 2018, mai tsauri, kuma ba kamfanin da zai so ya gina hanya iri biyu, ɗaya don mutum kusan miliyan 40, ɗaya don saura. Ga idon 'yan jarida, ga tsoron cewa gwamnati mai zuwa za ta dawo da dokar. Ɓarawo bai shiga gidan ba, amma ba don an cire ƙofa ba ne, maƙwabta ne ba su yi barci ba.

Abin da ya shafe mu kuwa, mu ba mu da Kalifoniya. Abin da muke da shi Dokar Sadarwa ta 2003 ce, wadda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ke aiki da ita, da kundin ƙa'idojin intanet da hukumar ta fitar a 2019 zamanin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta. Kundin ya hana toshe abin da doka ba ta hana ba, ya hana rage gudu don nuna bambanci, ya kuma bar ƙofa ga tsarin shafukan da ba sa cin data bisa sharaɗi. A takarda mun fi Amurka ta yau. Ka nemo shi ka karanta, ba shi da tsawo. In ka gama ka tambayi 'yan ajinku mutum nawa suka san da shi, daga nan za ka gane inda matsalarmu take. Cile ce ƙasar farko da ta yi irin wannan doka, tun 2010, in kana neman abin kwatance da ya fi kusa da mu a kan Amurka.

Da rana bidiyo yana tafiya lafiya, amma daga bayan isha'i sai ya yi ta juyi. Abokina ya ce kamfanin ne ke rage mana da gangan don mu sayi babbar data. Haka ne?
*Wani tela, Gyallesu*

Maigida, mai yiwuwa abokinka ya yi gaskiya, amma na fi zaton cunkoso ne. Ƙarfen sabis ɗin unguwarku yana da iyakar abin da zai ɗauka. Bayan isha'i kowa ya ajiye aiki ya ɗauki waya, sai a raba tuwon mutum goma wa mutum ɗari.

Na san wannan ne don na taɓa zama mai hanya. Shekarun baya ina da shagon intanet a Samaru, kwamfuta goma sha biyu da faranti a kan rufi, awa ɗaya naira ɗari. Abin da farantin nan ke kawowa gaba ɗaya, wayar da ke aljihunka yanzu ta ninka shi. Lokacin cike fom ɗin JAMB ko duba sakamakon WAEC shagon kan cika har waje, sai a sami yaro ɗaya a lungu yana sauke fim, ya shanye hanyar duka. Nakan shiga na'ura in rage masa gudu don yarinyar da ta taso tun daga Giwa ta samu ta tura fom ɗinta kafin a rufe. Har gobe ban ga laifina a nan ba, kuma ƙa'idar ba-ruwan-mai-hanya ba ta hana irin wannan ba. Ko masu tsananin ra'ayi sun yarda a daidaita hanya in ta cushe, muddin an bi kowa da mudu ɗaya kuma an faɗa wa mutane.

Ga wanda nake jin kunyarsa. Akwai wani Alhaji ɗan kwangila da ke zuwa da yamma, ya ba ni ɗari biyar maimakon ɗari. Na ware wa kwamfuta ta ɗaya kaso mafi tsoka, na ajiye masa ita. In ya zauna, sauran sha ɗayan sai su ga abu ya tsaya, su yi ta tsaki suna zagin sabis, ni kuma ina taya su. Ban ƙara ko ƙwayar gudu a shagon ba. Daga nasu na yanka na sayar masa, alhali sun biya. Duk lokacin da na ji kamfani yana cewa layi na musamman ba zai cuci kowa ba, kwamfuta ta ɗaya nake tunawa.

In kana so ka gwada, ka buɗe bidiyon da ke juyi, sannan ka buɗe wasu abubuwan masu nauyi a wasu manhajoji a daidai lokacin. In duk sun yi nauyi, cunkoso ne. In ɗaya ne kawai ke rarrafe kullum, ka kunna VPN, manhajar da ke ɓoye wa kamfani adireshin inda za ka, ka sake gwadawa. In ya saki nan take, to akwai alamar ana duba adireshi. Ka kai ƙara wurin kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su yi komai ba ka kira NCC a 622, kyauta ne. Ka kuma duba ko datarka irin wadda ake cewa ba ta ƙarewa ce, don yawancinsu akwai adadin da in ka kai sai a rage gudu, an rubuta da ƙananan baƙaƙe inda ba mai karantawa.

Ina karanta shafinka kuma na ga kullum kamfanonin sadarwa ne masu laifi. Ni aikina kula da ƙarafan sabis ne. Mu muke kai dizal cikin dare, mu ake sace wa batura, masu gyaran titi su tsinke mana kebul ba ko sannu. Facebook da YouTube suna kwasar biliyoyi a kan hanyar da ba su zuba mata ko lita ɗaya ba. Don me ba za a caje su ba?
*Injiniya, Dogarawa*

Injiniya, sannu da ƙoƙari, kuma ban musa maka ko ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na ƙara maka da kuɗin haƙa ramin kebul da jihohi suka riƙa tsawwalawa, har sai da aka yi yarjejeniyar naira 145 a kan kowace mita, jiharmu ta Kaduna kuma ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 na ji zafi kamar kowa, amma ban ce zalunci ba ne, don na san abin da dala da dizal suka zama.

Inda muka rabu shi ne cewa ba a biya ba. An biya. Telan Gyallesu da ke sama ya biya kuɗin kowane megabait na bidiyon da ya kalla, kuma ba don son ƙarfenku ya sayi data ba, don bidiyon ne. A cire WhatsApp da YouTube da TikTok a ga mutum nawa za su sa kati. Direban da ya ɗauko fasinja daga Kwangila zuwa kasuwa ya karɓi kuɗin mota, ba ya kuma bin mai shago ya ce ba ni kasona tunda wurinka aka zo. Sannan ba daidai ba ne a ce ba su zuba komai ba. Kebul ɗin ƙarƙashin teku na Equiano da ya sauka Legas a 2022 na Google ne, kuma Meta, uwar Facebook, tana cikin masu kebul ɗin 2Africa.

An gwada abin da kake nema. A Holan, a 2011, kamfanin KPN ya ce zai riƙa cajin kuɗi dabam a kan irin su WhatsApp da Skype saboda sun kashe masa cinikin tes da kira. Abin da ya samu shi ne majalisa ta yi dokar hana hakan. Koriya ta Kudu kuwa ta bi hanyarka, masu turo kaya suna biyan kamfanonin sadarwa. A Fabrairun 2024 Twitch, dandalin bidiyo kai-tsaye mallakar Amazon, ya tattara ya bar ƙasar, yana cewa kuɗin hanya a can ya ninka na sauran ƙasashe kusan sau goma. In na Amazon ya gudu, ina ga wanda ba shi da uwa a gindin murhu?

Shi nake ji wa tsoro, ba Google ba. Google zai biya ya share bakinsa, har ma ya ji daɗi, don kuɗin ƙofar zai tare duk mai tasowa da zai yi gasa da shi. Yaran da ke zaune a Samaru suna haɗa manhajar koyar da karatu da Hausa, ko ta haɗa manomin tumatir da mai saye, su ne ba za su iya ba.

Akwai kuma abin da na gani da idona. Da aka fara GSM a 2001, kira naira hamsin ne minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar ka yi, ana kuma ce mana lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, cikin ɗan lokaci abin da ba zai yiwu ba ya yiwu ga kowa. Tun daga nan in kamfani ya ce mini dole ne, nakan jira in ga ko dolen za ta rayu bayan abokin gasa ya iso.

Malam, kuna ta maganar kamfanoni. Ni abin da na gani gwamnati ce ta rufe Twitter, kuma ita ce ta kashe mana sabis muna tsakiyar kasuwancin hatsi. Wace ƙa'ida ce ta hana wannan?
*Mai sayen hatsi, Ɗanmagaji*

Alhaji, ka taɓo inda ya fi ciwo, amsar kuma ba mai daɗi ba ce: ƙa'idar da muke magana ba ta hana ba. An yi ta ne don ta kama hannun kamfani. Kalmar da ke cikinta ita ce kada a toshe abin da doka ta halatta, to in mai dokar ne da kansa ya aiko da takarda fa?

Ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari. Washegari kamfanonin sadarwa suka toshe shi bisa umarnin NCC, hukumar da ta rubuta kundin hana toshewa. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka, amma lokacin an riga an yi wata bakwai an gama. Abin dariyar shi ne a makon farko yara suka koya wa iyayensu VPN. Na ga dattijon da bai taɓa buɗe Twitter ba ya zo a sa masa, wai kada a bar shi a baya.

Kashe sabis kuwa VPN ba ya maganinsa. Da sunan yaƙi da 'yan bindiga aka fara da Zamfara a farkon Satumbar 2021, aka bi da sassan Katsina da Sakkwato, a ƙarshen watan aka kai ga wasu ƙananan hukumomin Kaduna, ba a dawo da namu ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ba zan yi maka ƙarya ba, da aka sanar ina cikin waɗanda suka ce a gwada. Duk wanda aka taɓa kira da lambar ɗan'uwansa aka ce ya haɗo kuɗin fansa ba zai yi wa wannan mataki gardama da sauri ba. Daga baya na ga kuɗin da aka biya. Wanda aka shigo wa gari ba shi da hanyar kiran agaji. Mai POS ya rufe. Mai haƙuri a ƙauye ba ya iya tambayar ko likita yana nan kafin ya ɗauko mara lafiya zuwa asibitin Shika. Masu bindiga kuwa suna da babura da man zuwa inda sabis yake, talaka ne ba shi da su.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema, mu da lauyoyinmu irin ɗalibin Kongo, ba shi da yawa. Duk umarnin rufewa ya zama a rubuce kowa ya gani, alƙali ya sa hannu, a faɗi ranar buɗewa tun ranar rufewa, in za a ƙara wa'adi a dawo a yi bayani. A 2021 mutane da yawa sun wayi gari ne kawai suka ga waya ba sanda ko ɗaya, suka yi ta kashewa suna kunnawa.

Kai ka fi ni sanin yadda aka yi ciniki a watannin nan. Abin da ni na gani shi ne a tasha, inda wani ƙanen matata da ke sayen masara ya koma rubuta farashi a takarda yana ba direba, da naira ɗari biyu na kai saƙo. Amsa takan dawo washegari, wani lokaci bayan kwana biyu, a bayan takardar da ya aika. Sau biyu kafin ta iso farashin buhu ya riga ya canza.